Malam Habu Tela, Mai Tashi Bisa Ruwan Lyon

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Habu Tela ya rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni, ina tsaye ina jiran jirgin metro a Saint-Denis, gefen Paris, zan tafi aiki. Waya ta yi ƙara, na ga lambar Lyon. Nafisa ce, babbar 'yarsa, mai kira na Tonton, wato kawu. Ko gaisuwar ba ta iya ƙarasawa ba. "Tonton Lawali, Baba ya tafi. Jiya bayan la'asar."

Abin da ya fara fita daga bakina shi ne: "A ruwa?"

Ta ce a'a. A shagonsa ne, yana zaune gaban keken ɗinki. Ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Metro uku suka wuce ina tsaye wuri ɗaya. Daga ƙarshe na juya na koma gida, kuma tun ɗazu nake rubuta wannan ina gogewa.

Da yawanku nan kun san shi. Duk ɗan Nijar da ya yi karatu a Lyon, da wuya a ce Malam Habu bai taɓa canza masa zif ɗin rigar sanyi ba, ko ya rage masa ƙafar wando ana gobe zai je neman aiki. Kun san dattijo mutumin Tawa, siriri, mai furfura a gemu, wanda ba ya ɗaga murya ko gobara ake yi.

Amma kaɗan ne cikinmu suka gan shi yana tashi bisa ruwa. Ni na gani. Kuma akwai wani laifi da na yi masa a bakin ruwan nan wanda kafin yau ban taɓa gaya wa kowa ba, yanzu zan faɗe shi.

Na fara haɗuwa da shi wajen wani suna a Sevran, shekara huɗu da suka wuce. Ya zo Paris sayen shadda da zare a Barbès, aka jawo shi. Falo ya cika, ana ta gardamar siyasar gida kamar mu za mu gyara ta daga hawa na tara. Shi kuwa yana tsaye bakin taga da kofin shayi, yana kallon kawunan itatuwa suna rangaji. Na matsa na gaishe shi, na ce, "Malam, lafiya? Me ake kallo?"

Ya ce, "Iska nika kallo. Dubi yadda shika wucewa a banza, ba mai amfani da shi."

Wallahi na ɗauka dattijon yana da ɗan taɓi.

Sai ya ciro waya ya nuna mini bidiyo. Katako ne mai kamar ƙyauren ɗaki, an kafa masa filafili irin na jirgin ruwa, mutum ya tsaya a kai ya riƙe, iska tana jan sa. Wannan kowa ya taɓa gani ko a tele. Abin da ban taɓa gani ba shi ne, a ƙarƙashin katakon akwai wani dogon ƙarfe mai fiffike a ƙarshensa, wanda suke kira foil. Idan gudu ya kai, fiffiken da ke cikin ruwa sai ya ɗaga katakon da mutumin baki ɗaya, su rabu da ruwa kusan tsayin ƙugu, su yi ta tafiya a sama.

Na ce, "Wane Bature ne wannan?"

Ya ce, "Baturen Tawa."

Ku yi tunani. Mutumin da ya tashi inda ruwa mafi girma shi ne tabkin damina, wanda bai koyi iyo ba sai da ya shekara arba'in. Da ya zo Faransa ya samu aiki a wani shago da ake gyaran rumfuna da filafilan jiragen ruwa. Ya ce shekara da shekaru yana ɗinka abin, yana mamakin me ya sa ake yanka ƙyallen a karkace maimakon a miƙe. Ya tambayi mai shagon, mai shagon ya ce ba a gane wannan a kan tebur, sai an riƙe shi cikin iska. Shi ke nan dattijo ya je ya yi rajistar koyon iyo.

Bai yarda da sunayen Faransanci na kayan ba, nasa ya raɗa musu. Filafili riga ne. Babba shi ne babbar riga, ƙarami 'yar shara. Foil kuwa hauya yake ce masa, don ya ce sak hauyar tsaye ta noman gero, doguwar ƙota da faffaɗan baki. Har Faransawan da ke wasa tare da shi sun koyi cewa "hauya".

Bayan wata biyu na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon don in gani da idona, daga nan ban sake samun hutun ƙarshen mako na kirki a Paris ba.

Shi ya ba ni aron rigar robar shiga ruwa ta farko, ya zauna ya rage mata hannu don ta yi mini daidai. Shi ya tsaya cikin ruwa har ƙirji yana riƙe mini katako ina faɗuwa ina tashi, ina shan ruwan tabki kamar an aiko ni in ƙarar da shi. Bai taɓa yi mini dariya ba sai na fito gaɓa, a nan kam ba ya raga mini. Injiniya yake kira na, don aikin kwamfuta nake yi. "Injiniya, yau lita nawa ka sha? Mu sani ko a rage shayi."

A bayan tsohuwar motarsa kullum akwai fulas ɗin shayi da ƙullin kilishi. Idan lokacin salla ya yi sai ya shimfiɗa jakar filafili a kan ciyawa mu yi a kai.

Kowa a bakin tabkin nan yana duba ƙarfin iska a waya. Shi ma yana dubawa, amma bai taɓa ɗaura riga ba sai ya tsinko busasshiyar ciyawa ya watsa sama, ya bi ta da ido har ta sauka. Ya ce haka mahaifiyarsa ke yi kafin ta sheƙe gero. Daga nan sai ya dubi launin ruwan can tsakiya, ya dube ka daga sama har ƙasa kamar zai auna ka, ya ce, "Kai biyar. Ni huɗu da rabi." Faɗin filafili ke nan a mita. Ban taɓa ganin ya yi kuskure ba.

To ga inda na ɓata.

Bara na ga na fara iyawa, na ce lokaci ya yi da zan mallaki kayana in daina aro. Ban yi shawara da shi ba. Na samu wani yana sayar da filafilai biyu na hannu, ɗaya mita biyar, ɗaya kusan takwas. Kun san mu. Mu da aka raina ana saya mana rigar salla ta wuce gwiwa don mu girma a ciki, yaushe za a ajiye mana babba da ƙarama mu ɗauki ƙarama? Na ɗauki babbar, ja wur, na ɗauki hotonta na sa a nan shafin. Wasunku har da yi mini barka, ina sane da ku.

Ranar da na kai ta Lyon, cikin kaka ne, iskar kudu ta taso. Mutanen Lyon sun san ta, tana zuwa ne a fusace, ta yi shiru, ta sake bugowa. Muka isa tabkin da ke gabashin gari, kowa yana ɗaura ƙananan riguna. Ni kuwa na baje tawa a kan ciyawa, ta cinye wurin mutum biyu.

Malam ya watsa ciyawarsa. Ya zo ya durƙusa kusa da ni, ya kama gefen filafilin ya murza kamar mai duba shadda. Da Hausa ya yi maganar, ƙasa-ƙasa, don kada na kusa su ji.

"Injiniya, riga ta yi kyau. Amma ba ta yau ba ce. Hauya ba ta son riga mai yawa, balle cikin wanga iska. Ga 'yar shara can cikin mota, ɗauko ka ɗaura."

Da na yi shiru na ɗauko, da ba ni da abin rubutawa yau sai alheri.

Amma na ga idanu a kanmu, na ga kamar an raina ni. Sai na miƙe na amsa masa da Faransanci, da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Na ce na yi lissafin nauyina da ƙarfin iska, na san abin da nake yi. Na ce shi tela ne, ya tsaya kan ɗinkinsa, ya bar wa masu ilimi lissafi.

Dattijon da ya isa ya haife ni. A gaban baƙi. Da harshen da na zaɓa don su fahimta.

Wurin ya yi tsit. Malam ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya je mota ya ɗauko hular kwano da rigar kariya ya ajiye kusa da ƙafata, ya koma wajen kayansa.

Ko minti goma ban yi a ruwa ba. Bugun iska na farko ya ɗaga ni sama fiye da yadda na taɓa tashi, har fiffiken ya fito daga ruwa, katakon ya kifa da hanci. Malam ya sha gaya mini, in za ka faɗi kada ka saki sandar riƙon filafili, ita ke raba ka da hauya. Na sake ta. Na faɗa kan fiffiken, ya tsaga mini ƙwauri. Na yi ta ƙoƙarin ɗago babbar rigar nan daga ruwa, iska tana fizge ta, har hannuwana suka mutu. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara, jini yana fita, iska kuma tana tura ni wajen duwatsun da ke ƙarshen tabkin. A nan na yi kalmar shahada, ba wasa ba.

Ban ji zuwan Malam ba, don abin ba ya ƙara. Sai dai na ga inuwa ta gifta, ya sauko dab da ni. Ashe tun da na shiga yana biye da ni daga nesa, bai yi wasansa ba sam.

Ya faɗo ruwa, ya kwance filafilina ya nannaɗe, ya ce in kwanta rub da ciki kan katako in rungume shi. Ya ɗaura igiya, ya ja ni da tasa 'yar sharar, a hankali a hankali, har gaɓa. Mutum mai shekara kusan sittin.

Shi ya kai ni asibiti. Yana tsaye ana ɗinke ƙafar, ya leƙa ya girgiza kai. "Da ka bari na yi da kaina, da ɗinkin ya hi wanga kyau."

Iyakar abin da ya ce ke nan a kan maganar, daga ranar har ya bar duniya.

Ni kuwa kunya ta rufe ni. Na dawo Paris na ɓuya. Kusan shekara ban taka Lyon ba. Kowace Juma'a sai saƙon muryarsa ya shigo: gaisuwa doguwa, ya aiki, ya ƙafa, ya mutanen Maraɗi, sannan ya ƙare da labarin iskar gobe. Ni kuma in mayar masa da hoton hannu biyu na addu'a. Sau nawa na danna zan yi magana in ce Malam ka yafe mini, sai in goge. Na riƙa ce wa kaina irin wannan ba a waya ake yin ta ba, sai ido da ido.

Watan jiya na yi ƙarfin hali na hau jirgin safe. Ya zo ya tarye ni a gar, tashar jirgin, da motar nan tasa, ya rungume ni kamar jiya muka rabu.

Kuma ranar iskar kudu ta sake tasowa, ta ma fi ta bara. Kwandunan shara suna ta birgima a titi. Da muka isa tabkin, ruwan ya yi fari fat, motoci ba su fi shida ba, yawancin masu su suna zaune a ciki suna kallo.

Ya buɗe bayan mota, sai ga jar babbar rigata a nannaɗe. Ya ɗinke inda ta yage. Ya ce, "Tana nan tana jiran ka. Randa iska ya yi lalaci, ba wadda ta kai ta."

Na ce, "Malam, yau wacce zan ɗaura?"

Ya watsa ciyawa, ba mu ma ga inda ta nufa ba. Ya dube ni. "Yau ba ka da riga nan wurin. Zamna ka riƙe mini shayi."

Na zauna. Tafiyar awa biyu a jirgi, na zauna a kan ciyawa da fulas a hannu, kuma ban taɓa jin daɗin bin umarni irin na ranar ba.

Na kalle shi yana shiri, ba gaggawa. Ya ɗauko mafi ƙanƙantar rigunansa, wadda ba ta kai mita huɗu ba. Ya ja igiyar ƙasa sosai har saman filafilin ya saki, ya ce don in iska ya bugo ya samu ƙofar fita. Ya kwance fiffiken da ya saba hawa, ya ɗaura wani ɗan siriri da bai fi tsawon hannuna ba. Ya matsar da gindin filafilin gaba kaɗan don hancin katako ya daina ɗagawa. Ya bi kowace ƙusa ya ƙara ɗaurewa. Ya sa hula, ya yi bismilla, ya shiga.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba.

Taku biyu ya yi a kan katakon, sai kawai ya tashi. Ƙasa da shi ruwa yana hauka, igiyoyi suna karo da juna, iska tana kwashe kansu tana watsawa. Shi kuwa yana bisa, a miƙe, ko girgiza ba ya yi, kamar wanda ke tsaye a sahun salla. Idan iska ta bugo sai in ga ya ɗan buɗe hannu, ta wuce. Idan ta yi shiru sai ya ɗan ja. Ya tafi har ya zama ɗigo a wancan ƙarshen, ya juyo. Da ya zo wucewa ta gabana babu ƙarar komai sai wani siririn fito da ƙarfen ke yi yana yanka ruwa. Na ga gemunsa ya kwanta gefe ɗaya, na ga bakinsa yana motsi, na san tasbihi yake yi.

Sai ya yi kwana. Ya karkata, ya zagayo da faɗi, ya juya filafilin daga wannan hannu zuwa wancan, ya canza ƙafa, duk katakon bai taɓa ruwa ba ko sau ɗaya. Mutanen da ke cikin motoci suka fito. Na ji ina ta cewa Subhanallah ban san na fara ba. Iskar da ke tumɓuke rassan itace a bayana, ita ce ta ɗauki wannan siririn bawan Allah a tafin hannu tana yawo da shi.

Wata Bafaranshiya da ke tsaye kusa da ni ta tambaye ni ko na san mutumin nan. Na ce malamina ne. Sai hawaye suka zubo mini, na bar ta a kan iska ce ta shiga idona.

Ya yi kusan awa guda. Ya fito yana rawar sanyi yana dariya, ya karɓi shayi da hannu biyu. Na ce, "Malam, ina ka samu wannan ƙarfi?"

Ya ce, "Wane ƙarhi? Wa ka iya kokowa da iska, Injiniya? Kai dai rage kayanka, ka bar shi shi ɗauke ka."

Muka yi azahar. Ya mayar da ni gar. Tafiyar minti ashirin ce, kuma tun da na rufe ƙofar mota maganar tana bakina. Kalma huɗu kacal. Shi yana ta ba ni labarin damina ta yi kyau a Tawa, ƙanensa ya aiko hoton gero. Na ce bari ya ƙare wannan. Ya ƙare, ya shiga wani. Muka iso, mota tana matsa mana daga baya, na sauko da jaka. Na leƙa ta taga, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A gaida Hajiya."

Ya ce, "Ta ji. Ka dawo in sanyi ya wuce."

Ban sake ganin sa ba.

Ɗazu na kira Hajiya Rakiya, matarsa, na yi mata ta'aziyya. Da muka gama na kasa ajiye waya. Na ce, "Hajiya, abin nan da na yi wa Malam bara a bakin ruwa, ban samu na roƙe shi gafara ba. Don Allah ko ya taɓa cewa ya yafe?"

Ta ce, "Wane abu?"

Na ce ranar da na ji ciwo a ƙafa.

Ta ce, "Ranar da ya dawo da kai da bandeji? Ai cewa ya yi iska ya yi muku gardama. Har yana yabonka, wai an yi maka ɗinki tara ko uffan ba ka ce ba. Wani abu ya faru ne, Lawali?"

Shekara talatin suna tare. Ya koma gida ranar da na ci masa mutunci a gaban mutane, ya ci tuwo, ya ba ta labarin jarumtata.

Na gaya mata komai, kamar yadda na gaya muku yanzu. Sannan ta ce, "To ni ba ni da abin da zan yafe maka a madadinsa, ɗana, don bai bar mini komai a kanka ba. Ka yi masa addu'a."

Gobe in sha Allahu za a yi jana'iza a Lyon bayan azahar, yau da yamma zan hau jirgi.

Ya Allah, bawanKa Habu ya rufa mini asiri a ranar da ban cancanta ba, har ga matarsa bai tona ni ba. Ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Hajiya Rakiya da Nafisa da ƙannenta haƙurin wannan rashi.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ina roƙon ka don Allah ka tsaya ka karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ka ambaci sunansa: Abubakar, tela, mutumin Tawa.

Malam, ka yafe mini.